Kafin Kofi Ya Gama Ɗiga

Shekara tara muna tare da ita.
Harafin A ya goge a kan madanni,
gefen hagu ya tsage tun ranar da ta zame daga babur
a mararrabar Kim Mã.
Kowace safiya nakan danna mata maɓalli,
in ɗora matatar kofi a bakin tambulan,
su yi tsere, ita da ɗigon.
Ɗis. Ɗis.
Kullum kofi ke riga ta.

Wai cikinta ya cika.
Jan layi ya kai bango.
Na share hotunan walimar ritayata,
na share darussan lissafi na aji tara,
ta yi numfashi kwana biyu, ta koma nishi.

Sai na naɗe ta a rigar ruwa
na nufi titin Lý Nam Đế,
inda shagon Nhàn bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Na koyar da yarinyar nan tana 'yar sha huɗu,
can layin baya take zama, tana kwance biro tana ɗaurawa.
Yau ni ne a kan guntuwar kujerar roba, gwiwa a haɓa,
ita ce da fitila a goshi.

Ta kifa kwamfutar kamar kunkuru.
Noti goma, ta jera su a kwalin ƙwai,
kowanne da raminsa.
“Dogo ba ya kwana a ɗakin gajere, Malam.”
Ta bi gefe da tsohon katin banki, murfi ya ce ƙas.
Ƙura ta dunƙule a fanka kamar gashin mage,
har da ƙwayar shinkafa guda, busasshiya,
ban san shekarar da ta shiga ba.
“Batir tukuna,” in ji ta, ta zare masa waya.

Ga ma'ajiyar.
Na zaci zan ga wani abu mai nauyi,
sai ga ɗan falle, siriri kamar cingam.
Ashe nan duk suke kwana:
wasiƙun ɗana daga Osaka,
jarrabawa ɗari uku da na tsara,
dariyar jikata ranar da haƙorinta ya fita.
Noti ɗaya tak ke riƙe da su.

Sabuwar ta ninka ta sau takwas,
amma ko baƙi ɗaya ba ta sani ba.
Nhàn ta zaunar da su biyun a wani ɗan akwati,
tsohuwa na karantawa, sabuwa na kwafa,
minti arba'in, ba tari, ba satar amsa.
Ruwa ya tsuge a kan rumfar kwano.
Mai taliya ta miƙo mana kwano biyu ta taga,
na biya, Nhàn ta yi gardama, na ce ai ni ne babba.

Ta soka sabuwar a karkace,
ta kwantar da ita da ɗan yatsa,
ta ɗaure notin, ba ta matse da yawa ba.
Na sunkuya neman tabarau a aljihu,
kafin in ɗago, allo ya buɗe,
komai na inda na bar shi.

Washegari na danna maɓalli, na juya ga kofi.
Ɗigon farko bai faɗo ba, tana jirana.
Na tsaya sororo.
A 'yan mintocin nan ne fa nake ganin Thục
tana ba wa na'ana'arta ruwa a baranda,
da mai furanni tana tura keke ta ƙasan bene.
Ban taɓa sanin kwamfutar ce ke ba ni su ba.

Tsohuwar ma'ajiyar na cikin gwangwanin shayi,
tare da maɓallan riga da makullin da ba mu san ƙofarsa ba.
Yanzu sai kofi ya gama ɗiga nake ɗaga murfi.
Thục ta ce, “To kuɗin me ka kashe?”
Na ce ta matsa, tana tare min mai furanni.